Diga Da Alƙalami: Abin Karantawa Da Abin Kallo Ga Mai Son Tarihin Jirgin Ƙasa

Duk Bahaushen da ya furta kalmar tasha, ko lebura, ko tarago, ko diga, to ya taɓo tarihin jirgin ƙasa ko da bai sani ba. Kalmomin nan na aro sun zauna daram a bakinmu har mun manta baƙi ne, kamar dai yadda muka manta da mutanen da suka fara sabawa da su, wato dubban talakawan da aka tattaro daga ƙasashen Nufe da Gwari da Zazzau da Kano, tsakanin 1907 da 1911, domin su shimfiɗa dogo daga Baro ta bakin Kwara zuwa birnin Kano. Saboda haka muka ga ya dace a wannan fitowa mu ɗan yi wa 'yan'uwa marubuta jagora cikin littattafai da finafinan da suka shafi tarihin jirgin ƙasa, musamman ƙannenmu masu tasowa da ke yawan kukan wai an rubuce komai, ba a bar musu jigo ba. Da ma'auni guda za mu auna kowane aiki: idan an rufe littafin, ko an kashe fim ɗin, fuskar wa ta rage a zuciyar mutum? Ta gwamna da injiniya, ko kuwa ta wanda ya riƙe digar?

Wanda duk ke son ya san ƙashin bayan labarin a ƙasarmu, babu makawa sai ya bi ta kan Francis Jaekel. Baturen nan ya yi shekaru fiye da ashirin yana aikin reluwe a Nijeriya har ya kai babban matsayi, sa'an nan ya zauna ya rubuta The History of the Nigerian Railway, juzu'i uku, wanda kamfanin Spectrum na Ibadan ya buga a 1997. Wannan tarihi ne ke nuna yadda layin da ya taso daga Ikko ya iso Ibadan a 1901, ya kawo Jebba a 1909. Yadda na Baro ya shiga Kano a 1911. Da yadda aka haɗe su biyun ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1912, alhali kuwa har zuwa 1916 da aka gama gadar Jebba, a kan jirgin ruwa ake ƙetarar da taragu. Daga nan sai rassa suka miƙa. Wani siririn layi ya tashi daga Zariya ya hau tudu ya isa Bukur a 1914 saboda kuza, aka rufe shi a 1957. An kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, aka gama gadar Makurɗi a 1932, Maiduguri kuwa sai a 1964 ta ga jirgi.

Sai dai Jaekel ɗan gida ne, da idon ɗan gida kuma ya duba. Son da yake yi wa injuna a fili yake. Zai gaya maka irin kan jirgi da nauyin ƙarfe da tsawon gada, zai jero maka manyan jami'ai, amma idan aka zo kan waɗanda suka sare dajin suka cike fadamun, sai su koma adadi. Abin nan ne da Hausawa ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Littafi ne na ajiyewa kusa da teburin rubutu a riƙa dubawa, domin kada marubuci ya sa tauraronsa cikin jirgin Maiduguri a shekarar 1950. Wanda ya ce zai karance shi a zama ɗaya, barci zai kayar da shi tun bai fita daga Ebute Metta ba.

Wani abu ma da ya kamata mai karatu ya riƙe: Percy Girouard, ɗan Kanadan nan da ya gaji Lugga a 1907 kuma aka soma aikin Baro a hannunsa, shi ne injiniyan da ya shimfiɗa wa Kitchener dogo cikin hamadar Sudan a 1897, dogon da ya kai sojoji da kayan yaƙin da aka murƙushe mabiya Mahadi da su a Omdurman a 1898. Ke nan mutumin ya san sarai cewa titin jirgi ba gyaɗa da auduga kaɗai yake ɗauka ba.

To ina za a ga mai digar? A nan sai mu nuna wa mai karatu maƙalar Michael Mason, Working on the Railway: Forced Labor in Northern Nigeria, 1907-1912, wadda ta fito cikin littafin African Labor History a 1978. Gajera ce, amma ta fi wasu manyan kundaye nauyi. Mason ya bi takardun Turawan kansu ya nuna cewa abin da suka kira ƙwadagon siyasa aikin tilas ne da aka saka wa riga. Razdan zai aika wa sarki da adadin mutanen da ake bukata, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su ɗora wa dagatai, a ƙarshe abin ya faɗa kan talakan da ba shi da mai tsaya masa. Ana biyan su da kuɗin Bature, kuɗin kuma su koma baitulmali ta hanyar haraji. Mutane sun gudu daga wurin aiki, wasu sun bar garuruwansu. Ana iya haɗa ta da rubuce-rubucen Wale Oyemakinde kan ma'aikatan reluwe, waɗanda suka fi karkata ga Kudu.

Amma tun kafin Mason da shekaru sittin da wani abu, namu ya riga ya yi magana. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda Turawa suka naɗa a 1903, daga baya kuma suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, ya yi Waƙar Diga a kan wannan aiki da ya ratsa ƙasarsa. Mun sha jin ana ambaton waƙar a ajin adabi ana ƙidaya baitoci da neman amsa-amo, ba tare da an tsaya an dubi sunanta ba. Jirgi shi ne abin al'ajabin zamanin, shi kowa ke magana a kai, duk da haka da makamin lebura aka san waƙar. Mu a ganinmu wannan kaɗai ya isa darasi. A kuma tuna matsayin mawaƙin. Shi ne sarkin da ake nema wa ma'aikata ta hannunsa, shi ne kuma mai fasahar da ke kallon abin da aikin ke yi wa jama'arsa, ga Razdan a gefe yana saurare. Mutumin da ke tsaka mai wuya irin wannan ba ya faɗin komai kai tsaye. Duk wanda zai karanta Waƙar Diga sai ya karanta ta da kunne biyu, ɗaya ga abin da aka faɗa, ɗaya ga abin da aka kewaye.

Aikin da ya fi kusa da mu a cikin na zamani shi ne kundin digiri na uku na Shehu Tijjani Yusuf, wanda ya kammala a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan a 2015, a kan ƙauyukan da ke bakin dogo tsakanin Kano da Zariya, irin su Madobi da Kwankwaso da Ɗangora da Gimi da Likoro. Ya yi amfani da takardun ma'ajiyar tarihi, ya yi amfani da waƙa, ya kuma zauna da dattawa. Wurin da ya fi burge mu shi ne batun maƙera. Da dogo ya zo, sai ga ƙarfe mai kyau shimfiɗe a daji ba mai gadi, maƙeran da a da sai an sha wahalar narka tama kafin su sami na fartanya suka gane haka, aka shiga zare ƙananan ƙarafan da ke riƙe da layin ana kai wa maƙera. A wurin hukuma sata ce mai iya kayar da jirgi, kuma haka ɗin ne. A wurin manomi kuwa garma ce mai ƙwari. Ga jigo nan kwance, da maƙeri da ɗan sanda da dagaci da direba, kowa da gaskiyarsa. Rubutun na jami'a ne, yana da maimaici irin na kundi, amma wanda ya yi haƙuri zai tsinci abin da zai yi shekara yana rubutu a kai.

Kusa da shi sai littafin Jan Hogendorn, Nigerian Groundnut Exports, wanda maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1978. Labarinsa yana da daɗi kamar tatsuniyar gizo. Masu masaƙu na Lankasha a Ingila sun goyi bayan kawo jirgi Kano ne da zaton auduga za su kwasa. Ƙungiyarsu ta sayen auduga ta yanka farashi, kwabo ɗaya kowace laba, ashe masaƙan Kano suna biyan abin da ya fi haka. A daidai lokacin kuma masana'antun Turai sun gano yadda ake daskarar da man gyaɗa ya zama abin shafa wa burodi, farashinta ya tashi. Fataken goro irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, waɗanda da ma suna da yara da amana a ƙauyuka, suka shiga tsakani, daga baya Alhassan Ɗantata ya zo ya fi kowa. Manomi ya yi lissafinsa, ya shuka gyaɗa. A 1913 abin da Nijeriya ta fitar ya kai wajen tan 19,000, ninkin-ba-ninkin na shekarar da ta gabata, har reluwe ta rasa taragun kwashewa. Hogendorn masanin tattalin arziki ne, yana da son jadawali, amma shi ne ya mayar wa manomin Kano da hankalinsa a cikin tarihi, bayan an daɗe ana nuna shi kamar wanda sai Bature ya ce masa shuka yake shukawa.

Idan aka zo ga ƙagaggen labari, babu wanda muka sani ya kamo ƙafar Ousmane Sembène na Senegal. Littafinsa ya fito da Faransanci a 1960, an fassara shi zuwa Turanci da sunan God's Bits of Wood. Ya gina shi ne a kan yajin aikin ma'aikatan layin Dakar zuwa Bamako, wanda aka fara ranar 10 ga Oktoba 1947 aka ƙare a Maris 1948, inda ma'aikata baƙar fata suka nemi a daidaita su da Turawa wajen albashi da alawus na iyali. Muna roƙon duk mai koyon rubutu ya dubi zubi da tsarin littafin nan da kyau. Labarin yana tsalle tsakanin garuruwa uku, Bamako da Thiès da Dakar, kamar yadda jirgin ke haɗa su. Bakayoko, direban da kowa ke ambata, ba ya bayyana sai an yi nisa, ta bakin mutane muke fara saninsa. Babban abin kuma, Sembène ya gane cewa idan jirgi ya tsaya, a tukunya ake fara ji. An hana bashi a kanti, an rufe famfo, sai mata suka fito. Ramatoulaye ta yanka ragon ɗan'uwanta mai kuɗi da ya cinye musu 'yar shinkafar da ta rage, wannan yanka kuwa ya jawo artabu da 'yan sanda. Penda, wadda unguwa ke yi wa kallon 'yar iska, ita ta ja tattakin mata daga Thiès zuwa Dakar.

Masanin tarihi Frederick Cooper, wanda ya yi nazarin yajin a wata maƙala ta 1996, ya nuna cewa wannan tattaki na mata ba ya cikin abin da tarihi ya tabbatar. Wannan bai rage wa littafin daraja ba a wurinmu, domin Sembène bai ce tarihi yake rubutawa ba. Inda muke da 'yar magana shi ne Turawan cikin littafin da wasu masu rawani, waɗanda ya zana da baƙin fenti zalla, da kuma jawabai da kan yi tsawo har su koma lacca. A karanta su biyun tare, a ga inda marubuci ya ƙara gishiri da dalilin da ya sa ya ƙara. A kuma tuna mu ma mun yi namu. A Yunin 1945 ma'aikatan Nijeriya sun shiga yajin gama-gari na kusan wata ɗaya da rabi kan alawus na tsadar rayuwa, 'yan reluwe ne a gaba, Michael Imoudu ne kuma jagoransu. Jirage sun tsaya. Me aka dafa a gidajen kwatas na Zariya da Kano a waɗannan makonni? Har yanzu muna jiran littafin Hausa da zai gaya mana.

A adabin Nijeriya na Turanci jirgin Arewa ya ɗan sami wuri. Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya zaunar da The Passport of Mallam Ilia na 1960 cikin tarago, inda tsoho mai neman fansa ke ba wani saurayi labarin rayuwarsa. Ƙaramin littafi ne na 'yan makaranta, jirgin kuma dandali ne kawai a ciki, amma dabarar tana da kyau: tafiya mai nisa takan buɗe bakin baƙo ga baƙo. Mai nauyin shi ne abin da Chimamanda Adichie ta yi a Half of a Yellow Sun na 2006, inda Olanna ke gudu daga Kano a lokacin kashe-kashen 1966 cikin jirgi maƙil da masu rauni, kusa da wata uwa da ta rungume ƙwarya, a cikin ƙwaryar kuma kan 'yarta ne. Wannan shafi ba ya yi wa ɗan Arewa daɗin karantawa, shi ya sa ma muke cewa a karanta shi. Tashar jirgin Kano tana cikin wuraren da jini ya zuba a waccan shekara. Dogon da ya kawo mazauna Sabon Gari shi ne ya kwashe su. Waɗanda suka tafi sun rubuta abin da suka gani ta tagar jirgi. Waɗanda suka tsaya a bakin tasha, da mai hannu a ciki da wanda ya ɓoye maƙwabcinsa a ɗakin matarsa, da harshenmu suke magana, kuma nauyin ba da labarinsu yana wuyanmu.

Wanda ke son ya ga yadda ake ɗaukar irin wannan kaya ba tare da ya zube ba, ya nemi Train to Pakistan na Khushwant Singh, 1956. Ƙauyen Mano Majra da jirgi yake sanin lokaci: wucewar na asuba ke tashin liman da malamin Sikh, na rana ke sa a ajiye aiki, na dare ke sa a kwanta. Da rabuwar Indiya da Pakistan ta zo a 1947, abin da mutanen ƙauyen suka fara lura da shi shi ne jirage sun daina zuwa kan lokaci. Sa'an nan wata rana wani ya iso shiru, cike da gawa. Singh ɗan Sikh ne, bai kuwa wanke nasa ba.

Na sauran ƙasashen Afirka za mu wuce su da ɗan sauri. The Lunatic Express na Charles Miller, 1971, kan layin Mombasa zuwa tafkin Victoria da aka yi daga 1896 zuwa 1901, yana da daɗin karatu ƙwarai, a wajensa marubuci zai koyi yadda ake sa tarihi ya yi gudu. Amma Indiyawa kusan 32,000 da aka kawo aikin, waɗanda wajen 2,500 daga cikinsu suka mutu, a bayan fage suke. In the Forest of No Joy na J. P. Daughton, 2021, shi ya juya madubin. Yana magana ne kan layin da Faransa ta yi daga Brazzaville zuwa teku tsakanin 1921 da 1934, wanda ya ci rayuka aƙalla 15,000, da yawansu 'yan ƙabilar Sara ne da aka kwaso daga kudancin Cadi. Ba littafin karantawa da dare ba ne. Na Jamie Monson, Africa's Freedom Railway, 2009, ya bi layin kilomita 1,860 da Sin ta gina tsakanin Tanzaniya da Zambiya daga 1970 zuwa 1975, ya kuma fi damuwa da ƙananan 'yan kasuwa da manoman da suka mayar da jirgin nasu. Tun da kamfanonin Sin ne suka gina layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Ikko zuwa Ibadan na 2021, karanta Monson ba ɓata lokaci ba ne. Akwai kuma City of Steel and Fire na Ahmad Sikainga, 2002, tarihin Atbara, garin 'yan reluwe na Sudan.

Littafi ɗaya na Turai muke son mu tsaya a kansa, domin marubuta ya fi yi wa amfani a kan masana tarihi. Shi ne The Railway Journey na Wolfgang Schivelbusch, wanda ya fito da Jamusanci a 1977. Tambayarsa ita ce, me jirgi ya yi wa idon mutum da hankalinsa? Ya nuna yadda matafiyan farko suka kasa kallon abin da ke kusa da taga saboda gudu, har suka koyi kallon nesa. Yadda zama fuska da fuska da baƙo ya haifar da al'adar karatu a cikin tafiya. Da yadda kowane gari ya bar lokacinsa na rana ya bi agogon tasha. Mai karatu ya ɗauki waɗannan tambayoyi ya kawo su gida. Falken da ya saba auna tafiya da zango, ya san kowace rijiya da kowace inuwa tsakanin Kano da Zariya, me ya ji ranar da ya yi wannan tafiya tsakanin salla da salla?

Yanzu sai abin kallo, inda ma'auninmu ya fi kama mutane da yawa. The Ghost and the Darkness na 1996 ya ɗauko labarin zakuna biyu da suka addabi masu aikin gadar Tsavo a Kenya a 1898, daga littafin Kanar Patterson na 1907. Patterson ya ce mutum 135 suka ci, binciken da aka yi a 2009 a kan gashi da ƙashin zakunan ya kawo adadin kusa da 35. Maharbin da Michael Douglas ya fito a matsayinsa ƙirƙira ce, zakunan gaskiya ma ba su da geza. Leburorin kuwa aikinsu a fim ɗin su yi ihu su gudu a cinye su. Haka The Bridge on the River Kwai na 1957, fim mai kyan gaske, amma wanda ya kalle shi zai ɗauka fursunonin Ingila kaɗai suka sha wuyar layin Burma, alhali a gefen fursunonin yaƙi kimanin 12,000 da suka mutu akwai leburorin Asiya wajen 90,000. Lawrence of Arabia na 1962 kuwa ya sa masu kallo tafi idan an tarwatsa jirgi, ba tare da ya gaya musu wane layi ne ba. Layin Hijaz ne, wanda Sarkin Musulmi Abdulhamid na Biyu ya soma a 1900 da gudummawar Musulmin duniya, ya isa Madina daga Dimashƙa a 1908, ya mayar da tafiyar kwana arba'in ta alhazai ta koma 'yan kwanaki. Duk wanda zai kalli fim ɗin ya haɗa da littafin William Ochsenwald, The Hijaz Railroad, na 1980. Ba mu ce kada a kalli waɗannan finafinai ba. A kalle su, a lura da wanda kyamara ta bi da wanda ta bari a gefe.

Abin mamaki, finafinan Indiya da wasu manazartanmu ke yi wa kallon raini sun fi su adalci ta wannan fuska. A Coolie na 1983 Amitabh Bachchan ɗan dakon tasha ne mai lamba 786 a damtse, har da yajin aikin 'yan dako a ciki. Akwai shirme da ƙarin gishiri iya son rai, amma dai ɗan dako ne tauraro, shi kyamara ke bi. Indiyawa sun san jirgi a jininsu, ba mamaki da gwamnatin Nijeriya ta ɗauko su suka riƙe mata reluwe daga 1979 zuwa 1982. Amma wanda muke so kowane marubuci ya nema shi ne Pather Panchali na Satyajit Ray, 1955. Akwai wurin da yara biyu, Apu da yayarsa Durga, ke yawo cikin wata doguwar ciyawa mai farin fure, suna kara kunne a jikin turken waya suna jin gunjinsa, can sai baƙin hayaƙi ya ɓullo, jirgi ya ratsa ya wuce. Kusan babu magana. 'Yan mintoci ne, amma sun faɗi abin da zuwan jirgi ke nufi ga ƙauye fiye da babi guda na bayani. Masu rubuta waƙa kuma su nemi Night Mail na 1936, gajeren fim kan jirgin wasiƙu daga Landan zuwa Sikotilan, su ji yadda W. H. Auden ya ɗora karin waƙarsa a kan bugun ƙafafun jirgi, yana sauri idan jirgin ya yi sauri, yana lafawa idan ya lafa.

Hotunan namu jirgin na da suna cikin finafinan labarai na zamanin mulkin mallaka, irin waɗanda kamfanin British Pathé ya zuba a YouTube a 2014. Bakin mai sharhin na Bature ne, da yabon kai irin na majigi. A rage muryar a zuba wa hoton ido: su waye ke ɗauke da buhunan, me suka sa, su waye a tagar wane tarago. Littafin Brian Larkin, Signal and Noise, 2008, zai taimaka wajen gane yadda Turawa suka riƙa amfani da manyan ayyuka da majigi domin su cika talakan Kano da mamaki.

Sauran abin da ba ya cikin littafi ko fim yana wurare uku. Akwai fayilolin larduna a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da abin da Gidan Arewa ya tara. Akwai ƙaramin gidan tarihi na reluwe a Ebute Metta, cikin tsohon gidan da aka sa wa sunan Jaekel. Sai kuma tsofaffin ma'aikata a Zariya da Kafancan da Minna da Nguru da Ƙauran Namoda, waɗanda wasunsu sun zuba wa injin kwal gawayi da hannunsu, kuma kullum raguwa suke yi. Rassan ƙungiya da ke waɗannan garuruwa suna iya ware rana guda a kai musu ziyara da rakoda. Bayan su akwai samarin da suka yi aikin sabon layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. A tambaye su nawa ake biya, wa ya kawo su, wa ke dafa musu abinci, gonar wa layin ya ratsa, da kuma waƙar da suke yi idan rana ta take.